Yadda Ake Rarrabe Kamantawa, Siffantawa da Sauran Adon Harshe a Aikace

Tambaya: Malam, ni ɗalibin adabi ne. Na haddace ma'anar kamantawa, siffantawa, jinsintarwa da alamtarwa, amma da zarar an ajiye mini baiti a gaba an ce in fito da su, sai su cakuɗe mini. Haka nake fama da jigo da salo, da kuma kari da amsa-amo. Ta yaya zan rarrabe su?

Amsa: Ɗan'uwa, matsalar ta samo asali ne daga yadda aka saba jera wa ɗalibai waɗannan kalmomi, kowace da ma'anarta a gefe guda, sai ka ce ba abin da ya haɗa su. Alhali huɗun farko da ka ambata aiki guda suke yi. Dukkansu ɗauko abu biyu ake yi a gwama su, don a haska ɗaya da ɗayan. Inda suka rabu shi ne yawan abin da marubuci ya furta da bakinsa, da yawan abin da ya bar wa mai karatu ya cike da kansa. In ka riƙe wannan, rabin wahalar ta ƙare.

Malaman balaga, wato ilimin fasahar magana, tun da daɗewa sun nuna cewa cikakkiyar kamantawa rukunai huɗu gare ta: abin da ake kamantawa, abin da aka kamanta shi da shi, kalmar da ta haɗa su, da fuskar da suka yi kama. Dubi wannan jimla: "Maganarsa kamar ƙaya take wajen suka." Magana ita ce ake kamantawa, ƙaya ce aka kamanta ta da ita, "kamar" ce ta haɗa su, suka kuwa ita ce fuskar kama. Yanzu mu riƙa zare rukunan ɗaya bayan ɗaya mu ga abin da zai faru.

Zare fuskar kama, ka ce "Maganarsa kamar ƙaya take." Har yanzu kamantawa ce, domin kalmar haɗi tana nan, sai dai an bar mai sauraro ya gano da kansa ta ina magana ta yi kama da ƙaya. Zare kalmar haɗin kuma, ka ce "Maganarsa ƙaya ce." Nan ka shiga siffantawa. Ba a ce ta yi kama da ƙaya ba, an ce ita ce ƙayar, kai tsaye. To zare ƙayar ita kanta, ka bar aikinta kawai: "Maganarsa ta soke ni, har yau ban iya cire ta ba." Ba a ambaci ƙaya ba ko sau ɗaya, amma kowa ya ji ta, domin an ba magana ɗabi'ar wani jinsi da ba nata ba. Wannan ita ce hanyar jinsintarwa. Mataki na ƙarshe, zare maganar, ka bar ƙayar ita kaɗai: mawaƙi ya yi ta ambaton ƙayar da aka shimfiɗa masa a hanya daga farkon waƙa har ƙarshenta, bai taɓa cewa ga abin da yake nufi ba, amma mai sauraro ya gane miyagun maganganun mutane ake nufi. Ka iso alamtarwa ke nan. Abu ɗaya ne tun daga farko, ɓoyewa ce take ƙaruwa.

Kalmomin da ke nuna kamantawa sanannu ne: kamar, tamkar, sai ka ce, awa, daidai da, ya fi, ya zarce, ya ɗara, bai kai ba, ya gaza, ya kasa. Da su ake raba ta gida uku. In an daidaita abubuwan biyu, kamancen daidaito ne, kamar "fuskarta tamkar wata daren sha huɗu". In an ɗora ɗaya a kan ɗaya, na fifiko ne: "zuciyarsa ta fi dutse tauri". In an nuna ɗaya bai kai ɗaya ba, na gazawa ne: "walƙiya ba ta kai shi sauri ba". Ka lura, na fifiko da na gazawa sau da yawa magana guda ce aka juya, don haka kalmar da mawaƙi ya yi amfani da ita za ka duba, ita za ta raba maka gardama.

A nan ne ɗalibai suka fi zamewa, saboda sun ɗauka duk inda "kamar" ta fito to kamantawa ce. Ba haka ba ne. "Kamar za a yi ruwa" zato ne. "Mutum kamar goma suka zo" ƙiyasi ne. "Dabbobi kamar akuya da tunkiya" kawo misali ne. Babu adon harshe a ko ɗaya. Haka "Audu ya fi Bala tsawo" kwatanci ne na yau da kullum, mutum da mutum, kuma ana iya ɗauko ma'auni a gwada. Kafin kamantawa ta zama ado, sai abubuwan biyu sun fito daga jinsi daban, kamar zuciya da dutse, ko fuska da wata.

Siffantawa ma tana da nata tarkon. Yawanci da "ne" ko "ce" take zuwa, amma "Audu malami ne" ba siffantawa ba ce in dai Audu koyarwa yake yi. Gwajin da ba ya kuskure shi ne ka ɗauki jimlar a zahirinta ka tambayi kanka: gaskiya ce ko ƙarya? In a zahiri gaskiya ce, bayani ne kawai. In a zahiri ba za ta yiwu ba, amma duk da haka ta faɗi wata gaskiya game da abin, to siffantawa ce. "Audu bango ne" ƙarya ce a zahiri, gaskiya ce in Audu shi ne majinginar danginsa. Akwai kuma siffantawar da ta tsufa har ta mutu, ta zama sunan abu kurum: bakin kogi, ƙafar tebur, idon sawu, kan dutse. Asalinsu aro ne daga jikin mutum, amma yau ba wanda ke jin baki ko ido in an faɗe su. Kada ka lissafa su cikin gwanintar marubuci, don ba shi ya ƙirƙiro su ba, a cikin harshe ya tarar da su.

Siffantawa tana iya zama gajeriya, ta ƙare a ɗango guda, wato layi ɗaya na baiti, tana kuma iya zama doguwa, mawaƙi ya riƙe hoto ɗaya ya bi shi baiti bayan baiti. In ya ce rayuwa tafiya ce, sai ka ji guzuri, ka ji zango, ka ji ɓatan hanya da abokin tafiya, duk daga gida ɗaya. A ganina a nan ake gane gwani, domin riƙe hoto ɗaya ba tare da ya suɓuce ba ya fi ƙirƙiro hotuna goma wuya. Aibin da ke shiga shi ne cakuɗa hoto biyu da ba sa zama tare, kamar a ce "gaskiya fitila ce, mu shuka ta mu girbe ta". Fitila kunna ta ake yi, ba a shuka ta. Mai karatu ya riga ya ga haske a zuciyarsa, sai aka jefa shi gona, hoton ya tarwatse. In ka ga irin wannan a aikin da kake nazari, ka faɗa, domin nazari ba yabo ba ne kaɗai.

Jinsintarwa rassa uku gare ta, kuma abin da aka ara ne ke ba kowane reshe suna. In ɗabi'ar mutum aka ba abin da ba mutum ba, mutuntarwa ce: "yunwa ta shigo gidan, ta zauna ta miƙe ƙafa". In ta dabba aka ba mutum ko wani abu, dabbantarwa ce: "ya yi gurnani, ya kafa faratansa a dukiyar marayu". In ta abu marar rai aka ba mai rai, abuntarwa ce: "da ya ji labarin sai ya narke". Hanya mafi sauƙi ta raba ta da siffantawa ita ce ka duba inda adon ya sauka. A siffantawa kan suna yake sauka, a ce wannan shi ne wancan. A jinsintarwa kan aikatau yake sauka, ko kan wata gaɓa ta jiki da aka ara, kamar farce ko ƙaho ko fiffike. Za ka tarar wasu malamai suna sa jimla irin "wane kura ne" cikin dabbantarwa, tunda an mayar da mutum dabba, wasu kuma suna barin ta a siffantawa. Kowane ɓangare yana da hujja. Kai dai ka faɗi wanda ka zaɓa, ka faɗi dalilinka.

Alamtarwa ce ta fi buƙatar taka-tsantsan, don ita ce ta fi ɓuya, kuma ita ce ɗalibi ya fi saurin ƙirƙira inda babu ita. Alama iri biyu ce. Akwai wadda jama'a suka riga suka sani, kamar haske a madadin ilimi ko shiriya, duhu a madadin jahilci, sanda a madadin mulki. Akwai kuma wadda marubuci ya gina da kansa a cikin aikinsa. Misali, a ce cikin ƙagaggen labari akwai wata bishiya a tsakar gida: tana da ganye lokacin da iyali ke zaman lafiya, ta fara bushewa da rigimar gado ta taso, aka sare ta ranar da aka sayar da gidan. Bishiyar ta gaske ce a cikin labarin, ana zama a inuwarta, amma tana ɗauke da wani nauyi da ya wuce na itace. Kafin ka ce abu alama ne, nemi shaida biyu aƙalla: ya maimaitu, kuma yana fitowa a wuraren da labari ke juyawa. Bishiyar da aka ambata sau ɗaya don a ɗaure akuya, bishiya ce kawai.

Akwai 'yar'uwarsu da ake yawan mantawa, wato kinaya. Ita ba kama ce ta haɗa abubuwan biyu ba, kusanci ne ko alaƙa. "Fada ta yi kira" sarki ake nufi, "ya sha kofi biyu" abin da ke cikin kofin ake nufi, "yana da dogon hannu" sata ake nufi. Gwajinta: cusa "kamar" a tsakani. "Magana kamar ƙaya" ta zauna daidai, don haka kama ce. "Sarki kamar fada" ba ta zauna ba, don haka kinaya ce.

Kambamar zulaƙe ba ta da wuya: a kai abu inda hankali ba zai ɗauka ba, kamar a ce ta yi kuka har hawayenta ya cika rijiya. Abin da ya raba ta da ƙarya shi ne mai faɗa da mai ji duk sun san ba a zahiri ake nufi ba. Zambo da habaici kuwa wajen bayyana wanda ake nufi suka rabu. Zambo yakan fito da mutum fili, ta suna ko ta siffar da ba mai shakkar ko wane ne, ya muzanta shi. Habaici ba ya kama suna, a jefa magana a bar mai ita ya tsargu, mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Gatse shi ne a faɗi kishiyar abin da ake nufi, kamar uwa ta ce wa yaron da ke wasa da wuƙa "ci gaba, ka kyauta". A rubuce ba a jin murya, saboda haka abin da ya gabaci maganar da abin da ya biyo ta ne za su nuna maka gatse ne.

Mu koma kan jigo da salo. Jigo shi ne abin da aikin ya ƙunsa gaba ɗaya, saƙon da aka gina komai a kansa, kuma ana iya faɗinsa a kalma ɗaya ko biyu: wa'azi, yabo, gargaɗi, soyayya, siyasa. Salo kuwa hanyar da aka bi aka isar da shi. Mawaƙa goma za su iya ɗaukar jigo ɗaya, kowa ya bi da nasa salon. A tsarin nazarin rubutacciyar waƙa da Farfesa Abdulƙadir Ɗangambo ya shimfiɗa, ana neman furucin jigo, wato baitin da mawaƙi ya faɗi manufarsa da bakinsa, sannan a kawo jigo a gajarce, sannan a warware shi dalla-dalla da hujjoji daga baitoci. A nazarin waƙar baka kuma za ka ji Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau da ɗalibansa suna cewa turke a madadin jigo, su kira ƙananan saƙonnin da suka taru suka gina shi tubalai. Kada kalmomin biyu su ruɗa ka, fage ne ya bambanta.

Kurakurai uku ne ke yawan faruwa wajen fitar da jigo. Na farko, a ɗauki mabuɗin waƙa a matsayin jigo. Waƙoƙi da yawa da addu'a da salati suke farawa, ko da kan noma ko zaɓe za su yi magana, don haka sai ka wuce mabuɗin kafin ka fara nema. Na biyu, a dogara da sunan waƙa ko na littafi, alhali suna yakan zama alama ko ma gatse. Na uku, a zauna a sake ba da labarin daga farko har ƙarshe a ce an fitar da jigo. Wannan taƙaitawa ce. In kana shakka tsakanin saƙo biyu, ƙirga baitocin da kowanne ya ci, sannan ka duba wanne ne in an cire shi sauran za su rushe. Shi ne babban jigo, ɗayan ƙarami ne. Game da salo kuma, kada ka tsaya a cewa "salonsa mai armashi ne" ko "miƙaƙƙe ne". Wannan hukunci ne, kuma hukunci sai da shaida: tsawon jimlolinsa, irin kalmomin da ya zaɓa, aron da ya yi daga wasu harsuna, karin harshen da ya bi, da adon da ya fi yawaita a bakinsa.

Saura kari da amsa-amo, waɗanda duk a kunne suke aiki, shi ya sa ake gwama su. Amsa-amo a ƙarshen ɗango yake, wato gaɓar da ake maimaitawa. Babba shi ne wanda ke rufe kowane baiti tun daga farkon waƙa har ƙarshenta ba ya canzawa. Ƙarami shi ne na ɗangogin cikin baiti, wanda kan canza daga baiti zuwa baiti. A waƙa 'yar ƙwar biyar, alal misali, ɗango huɗun farko sukan ɗauki ƙarami, na biyar ya ɗauki babba. Kari kuwa cikin ɗangon gaba ɗaya yake gudana, shi ne tsarin da gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi suke bi wajen jeruwa. Gaɓa marar nauyi baƙi ne da gajeren wasali. Mai nauyi kuwa baƙi ne da dogon wasali, ko da tagwan wasali kamar "ai" da "au", ko kuma wadda ta rufe da baƙi kamar "mun". Ilimin auna wannan shi ne aruli, wanda Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara a ƙarni na 8 Miladiyya, ya fitar da karuruwa 15, daga baya wani malami mai suna Ahfash ya ƙara na 16, wato Mutadarak. Rubutacciyar waƙar Hausa ta ɗauki da yawa daga cikinsu, irin su Kamil, Mutaƙarab, Basiɗ, Ramal, Wafir da Rajaz.

Ga baiti ɗan ƙwar biyu mu auna:

Ruwa ya zubo mun yi shuka a gona,
Ƙasa ta yi murna, fari bai da rana.

Rubutunmu na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali. "Fito" na fitowa da "fito" na busawa da baki rubutu ɗaya ne, amma gaɓar farko ta na biyun doguwa ce. Saboda haka ba a yanka waƙa, wato rarraba ta gaɓa-gaɓa, da ido, sai an furta ta a bayyane, a rubuta dogon wasali da harafi biyu. Ɗangon farko zai zama: ru-waa-yaa / zu-boo-mun / yi-shuu-kaa / a-goo-naa. Na biyu kuma: ƙa-saa-taa / yi-mur-naa / fa-rii-bai / da-raa-naa. Kowane yanki da aka ware a nan shi ake kira ƙafa, kuma kowace ƙafa gaɓa uku ce, marar nauyi ɗaya sannan masu nauyi biyu, wato ma'aunin da aruli ke kira fa'uulun, sau huɗu a ɗango. Wannan shi ne Mutaƙarab. Yanzu cire "zubo" ka sa "sauko". Ma'ana ba ta canza ba, amsa-amo yana nan a "na", amma ƙafa ta biyu ta koma masu nauyi uku a jere, kuma da ka rera za ka ji harshenka ya yi tuntuɓe. Karin ya karye ke nan, amsa-amo kuwa lafiyarsa lau. Ka ga ashe abu biyu ne daban. Sai dai ba kowane canji ne karaya ba: aruli ya yarda da wasu sauye-sauye a cikin ƙafa, waɗanda ake kira zihafi da illa, kuma gaɓar ƙarshen ɗango ana ɗaukar ta mai nauyi ko da gajeriya ce. Don haka kada ka yanke wa mawaƙi hukunci da ɗango ɗaya, auna biyar ko shida tukuna ka ga abin da ya fi rinjaye.

Wani abin da kunne ke ji a wannan baiti, ko da ido bai gani ba, shi ne "gona" da "rana" sun dace har a karin sauti, duka biyun sama-sama ake furta su. Mawaƙa da dama suna kiyaye wannan dacewa, kuma tana ƙara wa amsa-amo daɗi. In kuma ma'ana ba ta cika a ɗango ba sai da ta gangara cikin na biye, wannan gangara ce, in ta tsallaka daga baiti zuwa wani baitin kuma saɓi-zarce ne. Baitin namu ba shi da ko ɗaya, kowane ɗango ya tsaya da ƙafarsa.

Wajen rubuta amsa, ambaton sunan ado kaɗai ba ya wadatarwa, kuma nan ne maki ke zubewa. Kawo sunan, kawo kalmomin da suka nuna shi, sannan ka faɗi aikin da ya yi a wurin. A baitin nan sai ka ce: akwai mutuntarwa a "ƙasa ta yi murna", domin murna ɗabi'ar mutum ce aka ba ƙasa, kuma a kan aikatau adon ya sauka, babu kalmar kamantawa. Amfaninta shi ne manomi bai ce shi ya yi murna ba, ya ɗora murnar a kan ƙasa, sai farin cikin ya wuce mutum ɗaya ya game wurin duka, har fari ya zama kamar abokin gaba da aka kora a ɗango guda.